Bakina Ya Karkace, Ashe Ciwon Yana Kunne

Ni tela ne, sunana Isiyaku, rumfata tana layin maɗinka a kasuwar Azare. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, watan jiya wani mutum ya kawo mini ɗinki bakinsa a karkace. Na tambaye shi me yake yi a kai, ya ce hayaƙi. Raina ya ɓaci har na yanka masa hannun riga ba daidai ba. Na ce gara in faɗi nawa tun daga tushe, ko wani ya tsira daga watannin da ni na ɓata. Ba zan ambaci sunan asibiti ko likita ba. Waɗanda suka yi daidai Allah ya san su, sauran ma ya san su.

A farkon shekarun casa'in ne, ina da shekara arba'in da ɗaya. Kunne ne ya fara, kuma wannan nake so a riƙe. Kamar wata biyar kafin fuskata ta motsa, kunnena na hagu ya toshe kamar wanda ruwa ya shiga wajen wanka. Ba ciwo, ba ruwa yana fita. Sai dai in ina taka keke, ƙararsa ta dama kawai nake ji sosai, har na kira mai gyara ya kwance shi yana neman abin da ya lalace. Ya sa mai, ya ce keke lafiyarsa ƙalau. Mai ɗakina Saude ta ɗiga mini man gyaɗa mai ɗumi, ni kuma na yi ta susa da gashin kaza. Da ya ƙi buɗewa sai na saba da shi.

Wata Laraba ina alwalar azahar a bakin rumfa, na kurkure baki, ruwan ya tsarto ta gefen hagu ya jiƙa mini gaban riga. Na sake, ya sake. Na koma kan keke na sa allura a leɓe yadda na saba, ta faɗi ƙasa. Malam Ado mai huluna, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya leƙo ya ce, "Malam Isiyaku, dariya kake yi mini ko kuwa?" Na tashi na duba madubin masu gwada kaya. Ɓarin dama ya ja bakina sama, na hagu ya zube kamar ba nawa ba.

A gida Saude ba ta yi kururuwa ba. Ta zaunar da ni a tabarma ta ce, "Malam, rufe idonka."

"Na rufe."

"Ɗaya ka rufe."

Washegari labari ya isa Bulkachuwa, garinmu. Kafin la'asar yayana Alhaji Buba ya iso da Goggo Dije, ƙanwar mahaifinmu. Goggo ko zama ba ta yi ba ta ce marin iska ne. Ta shiga tambayata ko na tsuguna a gindin tsamiya, ko na bi ta juji da tsakar rana, ko na zubar da ruwan zafi ban yi bisimilla ba. Yaya Alhaji ya ce ba iska ba ce, hawan jini ne irin wanda ya kwantar da Baba. Sun yi musu sosai, abu ɗaya suka yarda a kai, kada in duba madubi. Aka kife madubin ɗakin Saude. Na ce musu kunnena ma ya daɗe a toshe. Goggo ta ce, "Isiyaku, ana maganar baki kana maganar kunne."

A makon farko kaɗai na sha rubutu na malamai uku, rabinsa a ƙirjina yake ƙarewa tun da bakin ba ya riƙe ruwa. Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya. Wata maƙwabciya ta ce a shammace ni a mare ni da takalmi ta ɗaya gefen, bakin zai koma wurinsa. Allah ya sa Saude ta ce duk mai son yi ya fara gwadawa a kan nasa mijin. Addu'a ban taɓa raina ta ba, har gobe ina nema. Amma hayaƙin Goggo ba zan yafe wa kaina da na yarda da shi ba. Za a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa saiwoyi da barkono, a lulluɓe ni da bargo. Idon da ba ya rufuwa, shi aka riƙa turara wa barkono safe da yamma. Ina fitowa ido ja wur yana zubar hawaye, Goggo ta ce, "Kun gani, yana fita."

Mako na biyu Saude ta matsa muka je wani asibitin kuɗi. Muka yanki kati, muka zauna a benci daga hantsi har azahar. Likitan ya auna jinina ya ce lafiya lau, wannan ya kashe maganar Yaya Alhaji. Ya ce in ɗaga gira, in yaƙe haƙora, in hura kumatu. Ya ce sanyi ne ya taɓa jijiyar fuska, yana ganin irinsa kullum, cikin mako shida zai warware. Ya rubuta ƙwayoyi da allurai goma, ya ce in riƙa taunar cingam.

Na ce, "Likita, kunnen nan nawa kuma..."

Ya ce, "Mu gama da fuskar tukuna." Yana faɗa yana miƙa hannu ga katin na bayana.

Haka na koma kasuwa, ni da gemuna, ina taunar cingam a gefe ɗaya. Ƙwayoyin suka sa ni cin abinci kamar gara, fuskata ta kumbura. A mako na huɗu sai ga ɗan sauƙi, leɓen ya fara motsi. Nan fa kowa ya fito karɓar lada. Goggo ta ce hayaƙinta ne, Yaya Alhaji ya ce malaminsa ne, likita ya ce ai ya gaya mini. Ƙwayoyi suka ƙare. A mako na takwas fuskar ta sake zubewa, ta fi ta farko muni. Babu wanda ya fito karɓar wannan.

Lokacin ɗinkin ƙaramar Sallah ne, lokacin da tela ke samun na shekara. Ido ɗaya yana hawaye, ba na iya zura zare a allura. Saude ce take zama da safe ta zura mini allurai goma sha biyu, kowace da launin zarenta, ta soke su a ƙyalle in tafi da su. Ita ce take dama mini kunu mai kauri don mai ruwa zubewa yake yi. In na ci tuwo yakan taru a kuncin hagu ban sani ba, sai ta yi mini alama da yatsa a nata kuncin, ba ta taɓa faɗa a gaban yara ba. Ta yanka baƙin yadi ta ɗinka mini marufin ido saboda ƙurar kasuwa. Duk da haka masu ɗinki suka fara janyewa. Wata mata ta zo ta karɓe atamfarta, ta ce mijinta ya ce kada mai taɓin iska ya taɓa kayan yaransa.

Daga wata na uku zuwa na shida yawon asibitoci muka yi, na cikin gari da na wajensa. An tura ni sashen gashi, inda ake manna wa fuska wasu wayoyi lantarki ya riƙa fizgar ta. Sai ka yi sammako ka kama layi, in an zo kanka a ce an ɗauke wuta, ka dawo jibi. Na ga likitoci uku bayan na farko. Kowanne zai karanta abin da na baya ya rubuta, ya gyaɗa kai, ya kwafe shi da nasa rubutun. Kowanne na gaya masa zancen kunne. Na uku har ya jawo 'yar fitilar duba kunne daga aljihun tebur, ya danna, ba ta kama ba. Ya ce babu batir. Ya mayar da ita, ya ce wataƙila dauɗa ce, ya rubuta mini maganin ɗigawa.

Da asibiti ya gaza, Yaya Alhaji ya sami bakin magana. Ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Shira, ba a kai masa irin wannan ya wuce kwana tara. Saude ta ce, "Yaya, da dai an bari mun nemi likitan kunne." Ya ce, "Saude, jinyar ɗan'uwana ba a ɗaki za a yanke ta ba." Ni da ya kamata in goyi bayanta sai na bi yayana. Mako uku na yi a can ina shan jiƙo mai sa gudawa. Mutumin ya buga ƙasa ya ce sammu ne, wanda ya yi shi kullum muna gaisawa, rumfarsa ba ta da nisa da tawa, kuma kayan da yake sayarwa a ka ake sa su. Daga baya na tuna ni da bakina na ba shi labarin maƙwabtana ranar da muka isa. Amma a lokacin na yarda. Na dawo Azare na daina amsa gaisuwar Malam Ado. Wata biyu ina kau da kai in ya yi sallama. A duk jinyar nan babu abin da nake jin kunyarsa kamar wannan.

A wata na tara wani farin tabo ya fito a baƙin idona na hagu. Saude ba ta shawarci kowa ba, ta yafa mayafi ta tafi gidan Sista Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar kudancin Bauchi, ni nake ɗinka mata fararen kayan aiki, ta tafi ƙaro karatu ne ba ta daɗe da dawowa ba. Ta zo gida ta ɗaga marufin idon, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam Tela, wa ya ce a yi wa idon nan hayaƙi? Kana dab da rasa shi."

Ta koya wa Saude yadda za ta sa maganin shafawa ta ja fatar idon ta manne da filasta duk lokacin da zan kwanta. Ta tashi za ta tafi, Saude ta ce, "Sista, kunnensa ne ya fara. In na yi masa magana ta hagu ba ya ji. Ya gaya wa likitoci huɗu, ba wanda ya leƙa."

Sista ta koma ta zauna. Ta ce za ta aro fitilar duba kunne gobe, amma ba ta yi alkawarin batir ba. Da safe Saude ta aika shagon wani Ibo a bakin kasuwa aka sayo batir biyu. Har yau ban manta da batir biyun nan ba. Sista ta leƙa kunnen dama, ta leƙa na hagu, ta sake komawa na dama.

Ta ce, "Ni ba likita ba ce. Amma akwai wani abu a bayan dodon kunnen nan, ya turo shi waje. Babu dauɗa ko kaɗan."

Ita ta bi ta samo mana takardar turawa zuwa wani asibitin koyarwa, tafiyar kusan yini guda a mota. Lokacin wahalar fetur ne, sai ka wuni a tasha mota ba ta tashi ba. Zuwanmu na farko aka ce likitan kunne rana ɗaya yake gani a mako, kuma jiya ce ranar. Zuwa na biyu muka tarar ana yajin aiki. A na uku muka gan shi, wani dattijo mai furfura, Hausarsa a karye amma ba ya gaggawa. Ya leƙa kunnen, ya kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora mini a goshi ya ce ta ina nake jin ƙara. Ya tura ni hoton ƙashin kunne. Da muka kawo hoton ya ɗauki biro ya zana mana a bayan katina.

Ya ce, "Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin ƙashin kunne take bi, ta wani siririn lungu. Wani ƙari ya tsiro a nan, ya danne ta. Ba kasafai ake ganin irinsa ba."

Saude ta ce, "Likita, daji ne?"

"Sai mun ciro an auna. Amma ban zata ba. Yawancinsu ba mugaye ba ne, mazauninsu ne mugu." Sai ya juyo gare ni. "Malam, me ya sa sai yanzu?"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masa na gaya wa mutum huɗu masu farar riga irin tasa, na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya da abin da kowanne ya ce, miyau yana zuba ina sharewa. Ya bar ni har na gama. Ya ce in zauna. Sannan ya faɗi maganar da na haddace: karkacewar baki ta sanyi takan fara sauƙi cikin makonni. In ta kai wata uku ba ta motsa ba, ko ta tafi ta dawo, ko ta zo da toshewar kunne, to a daina kallon bakin a leƙa kunne. Ya ce zai yi tiyata ta bayan kunne. Bai yi alkawarin fuskar za ta dawo ba, domin jijiyar ta daɗe a danne, kuma jin wannan kunnen wataƙila ya tafi ke nan.

Da muka kawo labari gida, Goggo ta fashe da kuka ta ce za a fasa mini kai. Yaya Alhaji ya ce kunne da ƙwaƙwalwa maƙwabta ne, shi bai yarda ba, kuma in an yi babu hannunsa. Wannan karon na buɗe karkataccen bakina na ce, "Yaya, na bi taka wata tara. Bari in bi ta Saude sau ɗaya." Ya tashi ya fita ko sallama babu. Bayan kwana uku sai ga shi ya aiko da kuɗin buhunan geron da ya sayar, tare da saƙon cewa har yanzu bai yarda ba. Ni ma na sayar da kekena na biyu, mai aikin zigzag, domin a asibitin komai kai za ka saya, daga safar hannu har auduga.

Sau biyu ana ɗaga tiyatar. Na farko janareta ya lalace, na biyu aka ce sai mun ajiye jini leda ɗaya ko da za a buƙata. Aka gwada na Saude aka ce ita kanta jinin bai ishe ta ba. Ta aika gida ta hannun direban motar Azare. Bayan kwana biyu ina kwance sai na ji sallama, na ɗaga kai, Malam Ado ne da jakar ledarsa. Ya ce ya ji ana neman jini, shi kuma yana da shi ba ya komai da shi. Bayan an ɗiba ya zauna yana shan lemo, na ce masa ya yafe mini, na gaya masa abin da na zarge shi da shi. Ya ajiye lemon ya ce, "Ni na ɗauka kunyar bakinka ce ta sa kake kau da kai." Ya ƙara da cewa yana share mini gaban rumfa kullum, amma ɓera ya shiga ya ci mini yadi ɗaya.

Tiyatar ba ni da labarinta, barci na yi. Na farka kaina a naɗe da bandeji, ɗakin yana juyawa. Kwana biyar in na ɗaga kai sai amai. Saude a tabarma take kwana a barandar ɗakin marasa lafiya tare da sauran masu jinya, tana dafa mana abinci a murhun duwatsu a bayan ginin. Ita take riƙe ni mu taka daga gado zuwa ƙofa, gobe zuwa baranda, jibi zuwa gindin darbejiya. Likita ya nuna mata abin da ya ciro a cikin 'yar kwalba. Ta ce mini bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Bayan mako uku sakamako ya fito, ba daji ba ne, kuma an cire shi duka.

Muka dawo Azare bakina yana nan yadda yake. Masu zuwa dubiya suna fita ina jin su da kunnen dama suna cewa an yanka bawan Allah a banza. Wata huɗu ba abin da ya motsa. Saude ba ta fasa ba, kullum ta murza mini kunci da man kaɗanya yadda aka koya mata, ta tayar da madubin da aka kife ta sa ni a gabansa in yi ta gwada ɗaga gira. A wata na biyar gefen leɓena ya ɗan harba. A na bakwai idon ya rufu da kansa, ta daina sayen filasta.

Ga inda na tsaya yau. Bakin ya dawo amma bai cika ba, in na yi dariya ana gani. Hakiyar idon tana nan, na bar aikin hannu mai ƙanana, sai ɗinkin keke da tabarau. Kunnen hagu ya mutu. Likitan ya ce da na zo a wata na uku, da wataƙila duk wannan bai kai haka ba. Na gode masa, na gode wa Sista Rifkatu, na gode wa Malam Ado. Na gode wa Yaya Alhaji da geronsa, da Goggo Dije, Allah ya jiƙanta, wadda ta rasu tana da yaƙinin hayaƙinta ne ya yi aiki a makare. Saude kuwa in na fara yi mata godiya sai ta ce in bar ta ta ji da tukunyarta.

Kwanan baya Yaya Alhaji ya zo daga Bulkachuwa ranar kasuwa. Ya ƙare wa bakina kallo ya ce saura kaɗan, kuma ya ji labarin wani mutum a wajen Gamawa da ke ƙarasa irin wannan da kitsen damo. Na tashi na ɗauko masa kujera, na ajiye ta a gefena na hagu, na koma kan keke na ci gaba da takawa. Ya yi bayani mai tsawo, ina ganin bakinsa yana motsi, ina gyaɗa kai. Da ya gama ya dafa kafaɗata, ya zagayo ta dama zai fita, ya ce, "Ka dai ji ko, Isiyaku?"

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. A gaida gida."